Malam Gaji da Itacen da Ba a Miya da Shi

Malam Gaji direban tasi ne a garin Sterling. Shekararsa goma sha bakwai a Amurka, wai bai taɓa ganin abin da ya kai na garinsu Gumel ba. A 2012 iyalinsa suka matsa, ya tuƙa su kwana biyar zuwa wani tsauni a California, don ganin manyan itatuwan da mutum ashirin ba sa iya rungume ɗaya. Ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, sannan ya tambayi mai gadin wurin ko ana miya da ganyen. Aka ce a'a.

"Girman banza," in ji shi. "Kukar ƙofar gidanmu ta fi su."

Matarsa ta ce, "Wadda aka sare shekara tara da suka wuce? Da kana leƙa gida, Malam, da ka sani."