Ganyen bangon rijiyarmu ya bushe

Jiya na tarar da Inna, kakata, tsugune a bakin tsohuwar rijiyar gidanmu a ƙauye, tana ta leƙe kamar guga ya faɗa mata.

Kakanta ne ya haƙa rijiyar tun kafin zuwan Turawa. A bangonta akwai wani ganye mai kama da gashin tsuntsu, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Tun zamanin, shi ake dubawa a gidanmu: in yana kore shar, rijiya na da rai.

Bana ya bushe ƙayau.

Ta ce, "Sani, ba a sayar da irinsa a kasuwar Ɗambatta? Sayo mana mu shuka."

Na ce, "Inna, ba shi da iri. Wani abu ne kamar garin tuwo a bayan ganyen, shi ma sai ya samu danshi yake tsirowa."

Sai ta ce, "Ashe rijiyar ce ta mutu."

Wallahi na kasa cin tuwo. Gero ko an yi fari, akwai iri a rumbu. Wannan fa?

Masu tsohuwar rijiya, ku leƙa. Naku na nan?