Falalu Roni, Mai Madubin Ƙungiyarmu

Na Allah muke, kuma wurinSa makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Rajab, ina tsaye a gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Kazaure, ƙanenka Ahmad ya kira ni ya ce Allah Ya yi maka rasuwa, Falalu. Bayan azahar aka sallace ka a ƙofar gidanku a Roni. Ka tafi kana da shekara talatin da biyar, bayan fama da ciwon sikila tun kana goye.

Mutanen Roni sun san ka malamin dabbobi, mai jar jaka a bayan babur. Ni ta wata hanya dabam na san ka, kuma ba na jin kunyar faɗinta. Mun haɗu ne a wani wasan yaƙi na waya, inda kowa yake gina gari da ganuwa, ya tara mayaƙa da maharba da dodanni, sannan a haɗu ƙungiya-ƙungiya a gwabza. Tamu ta 'yan yankin nan ce: malamai, 'yan acaɓa, tela guda, da wani makiyayi daga Gwiwa mai suna Hamma.

Dukanmu kayan kai hari muke so, masu wuta da tsawa. Kai kuwa ka zaɓi wani sihirin kariya da babu wanda ya damu da shi. Idan ka sake shi a kan ganuwa, duk dukan da abokin gaba ya kawo, rabinsa zai koma kan mayaƙansa. Wahalarsa ita ce ba ya daɗewa. Wanda ya yi gaggawa, abokin gaba zai ja baya ya jira ya gushe. Wanda ya makara, ganuwarsa ta riga ta zube. Kai sai ka bari mutum ya tattaro duk ƙarfinsa, mu muna ta ihu a waya cewa an gama da mu, sannan ka danna. Na taɓa tambayarka me ya sa ba ka son makaman hari. Ka ce, "Malam Mamuda, yatsuna ba su da saurin naku. Dannawa ɗaya nake iya yi da kyau, shi ya sa na koyi lokacinta."

Sunan da muke kiran abin da shi, a tsakar gidanku ya samo asali. Wata Juma'a mahaifiyarka, Hajiya Uwa, tana tsince shinkafa ta ji kana gaya mini a waya, "Ƙyale shi ya matso, na haɗa masa sihiri, kansa zai koma." Ta aika aka kira yayanta, Kawu Sama'ilu limamin unguwarku, tana kuka tana cewa ciwo ya kai ɗanta wurin bokaye. Ka durƙusa a gabansu da wayar a hannu, ka nuna musu garin naka da 'yan dodanninsa. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe zane ne. To, ka sake masa suna, ba na son jin waccan kalmar a gidan nan. Kuma kada in nemi fuskarka a sahu in rasa." Daga ranar ya zama Madubi. A sahun ma ba a taɓa rasa ka ba, sai ranar da ciwo ya kwantar da kai.

Abin da na fi riƙe ka da shi, abin da ka yi wa Hamma ne. Babu wanda ya taɓa ganinsa ido da ido a cikinmu. Muryarsa kawai muka sani. Wata damina ya ɓace, garinsa a wasan ya zama kufai, ana ta kwasar masa ganima, wayarsa kuma ba ta shiga. Mu muka ce ya gaji ne ya daina. Kai ka ce mutumin da yake hawa tudu don ya samu sabis ɗin waya ba zai daina haka kawai ba. Ka ɗauki babur ka nufi Gwiwa cikin taɓo, alhali ka san yadda sanyin ruwa yake tayar maka da ciwo, kana tambaya ruga-ruga har ka same shi. Ciwon huhu ne ya shiga garkensu, shanu suna faɗuwa, mahaifinsa tsoho ya zauna a gindin bishiya yana kallonsu. Ka ware masu ciwo daga masu lafiya, ka yi wa waɗanda za su rayu allura, ka kira abokan aikinka aka zo aka yi rigakafi a rugagen da ke kewaye. Sun yi asara, amma garken bai ƙare ba. Kai kuma ka dawo gida ka kwanta jinya, ba ka gaya wa kowa dalili ba. Daga bakin Hamma muka ji.

Wasanmu na ƙarshe da kai, kana gadon asibiti a Kano. Ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe na wata gasa da muka daɗe muna nema, ga shi hannuwanka sun kumbura, ko kofi ba ka iya riƙewa. Mun yanke shawarar mu janye. Sai ga muryar matarka Rahamatu a wayar, ita da ta sha cewa wannan wasa yana cinye mata hirar miji. Ta ce, "Ya ce kada ku janye. Ni zan riƙe, shi zai faɗa mini." Haka aka yi, da la'asar sakaliya. Muna jin numfashinka sama-sama. Abokan gaba suka taso da rundunarsu duka, Rahamatu ta ce, "In danna?" Ka ce, "Tukuna." Ganuwa ta fara tsagewa, ta sake cewa, "Baban Baraka, za su shigo fa!" Ka ce, "Tukuna, Rahama." Sai can muka ji ka ce, "Yanzu." Ta danna. Mayaƙansu na gaba suka zube, Hamma ya bi sauran da mahayansa. Mun ci. Abin da ya tsaya mini a rai ba nasarar ba ce, dariyar da ku biyu kuka yi ce, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ku rage murya. Rahamatu ta gaya mini ranar zaman makoki cewa ba ka sake dariya irin wannan ba.

Tun da ka rasu nake tunanin yadda muka ɗauki wasan nan shiririta, muna ɓoye shi ga manya. Amma ta cikinsa Allah Ya haɗa ni da mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙorafin ciwonsa ba, ko sau ɗaya, kuma ban taɓa jin ya zagi wanda ya ci shi ba.

Ya Allah, bawanKa Falalu ya zo gare Ka da jikin da ya sha wuya. Ka sa ciwon nan ya zama kankarar zunubansa, Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya, Ka sanya shi a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Uwa, da Kawu Sama'ilu, da Ahmad da sauran 'yan'uwa, da abokan aikinsa, da jama'ar Roni baki ɗaya. Allah Ya raya 'yarsa Baraka bisa tarbiyyar Musulunci. Ke kuma Rahamatu, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sauke ki lafiya. Abin da ke cikinki ba zai ga mahaifinsa ba, amma in Allah Ya ba mu rai, akwai mutane daga Kazaure har Gwiwa da za su gaya masa ko wane ne.

Mamuda Lawal, Kazaure