Madubin da Zailani Ya Kwance

Zailani ba ya jiran kowa, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In an ce a haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Barking ƙarfe tara, to tara da minti biyu ya shige jirgi. Matarsa Khadijatu ta sha biyo shi a bas daga gidan biki. In an yi magana ya ce, "Haka Allah ya yi ni."

Shekara tara ya yi yana acaɓa a Jos kafin ya zo London ya kama aikin kai saƙo a babur. Can gida, abu na farko da ɗan acaɓa ke yi wa sabon mashin shi ne kwance madubi, don ya ji daɗin kurɗawa tsakanin motoci. A nan ya bar nasa don tsoron 'yan sanda, yana ƙunƙuni.

Mutum ɗaya ne ya iya da shi: Haggai, direban bas, mazaunin Woolwich, shi ma ɗan Jos, mai sanyin hali. Wata shekara suka ɗauki hutu, suka shirya tsallakawa Maroko da babura biyu, su bi bakin teku har Muritaniya. Ranar tashi Kachollom, matar Haggai, ta ce wa Zailani, "Baban Suhaib, amana na ba ka. Ka san mutumin nan, ko shayi sai ya huce yake sha."

Suna sauka daga jirgin ruwa Zailani ya zaro sifana.

"Malam, me kuma za ka yi?" in ji Haggai.

"Mun shigo Afirka. Madubi na amarya ne."

"To yaya za ka san ina bayanka?"

"Yo ina za ka kasance in ba baya ba?"

Suka yi dariya, Zailani ya kwance madubin mashin ɗinsa biyu ya jefa a jaka.

Ranar kwana na shida hanya ta yi daɗi. Hamada a hagu, teku a dama, titi na ta lanƙwasa a saman gaɓa, iska na watso rairayi kan kwalta. Zailani ya ba mashin wuta, yana kwantar da shi a kowace kwana kamar ɗan ashirin. Sai da ya isa gidan mai, ya cika tanki, ya sha shayi kofi biyu yana tsaki, Haggai bai ƙaraso ba, sannan ya juya.

Kilomita saba'in ya koma. Ya sami Haggai kwance a inuwar motar wasu masunta, an ɗaure masa ƙafa da katako. Rairayi ne ya kwashe shi a kwana. Ya fi awa biyu a rana kafin su tsaya masa.

Haggai ya dube shi, leɓe duk a bushe, ya ce, "Na ɗaga maka hannu fa, Malam." Bai ƙara tayar da zancen ba, daga ranar har yau.

An sa wa ƙafar ƙarfe, tuƙin bas ya ƙare. A filin jirgi Kachollom ta karɓi keken guragun da mijinta ke kai daga hannun Zailani, ta ce masa, "Sannu da hanya." Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Daga nan Zailani ya ɗauke ƙafa daga Woolwich. Sau ɗaya ya je kasuwar unguwar, ya hango Haggai tafe da sanda, sai shi, dattijo guda da shi, ya laɓe bayan tulin doya har ya wuce. Duk Sallah Haggai zai bugo waya, Zailani ya miƙa wa Khadijatu ya shige banɗaki. Kada kuma a ce ya gyara hali. Har ya tsufa yana barin mutane a tasha. Madubin dai suna cikin durowarsa, bai mayar ba, bai yar ba.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ya kira babban ɗansa.

"Suhaib, na san za ku yi gaggawa da ni, haka addini ya ce. Amma daga ƙofar maƙabarta zuwa kabari da nisa ga mai sanda. Ku kira Haggai. Ku gaya wa liman ni na roƙa: kada a zuba ƙasa sai ya ƙaraso, ko da zai yi awa guda."