Abincin Dabbar

Ina aji biyu na babbar sakandare na ƙirƙiri wata duniya a cikin littafin rubutu mai shafi tamanin. Ba ni da ƙawaye, don haka ita na ba lokacina. Na zana taswirarta, na yi mata koguna, sannan na sa mata wata ƙatuwar dabba da ta ƙare tun kafin mutanen can su koyi noma. Tsayinta ya kai bishiyar dabino uku. Da rula na auna haƙoranta, na rubuta tsawon kowanne a gefe. Layi ɗaya kawai na bari ban cike ba, na abincinta.

A shekarar ƙanwar Umma ta rasu a Aujara, mijinta kuwa ya riga ta. Aka kawo 'yarta mai shekara tara gidanmu a Yalwawa don ta yi makaranta. Aka fitar da teburin karatuna zaure saboda katifarta ta samu wuri.

Takan raɓe kusa da ni tana kallon zanen. Wata Asabar da hantsi ta tambaye ni me dabbar take ci. Na ɗauki biro na cike layin a gabanta, a hankali, yadda za ta iya haɗa baƙaƙen da kanta: marayu. Na ce mata duwatsun bayan unguwarmu ƙasusuwan dabbar ne.

"Amma ai kin ce ta mutu, Yaya."

"Ta mutu. Ƙwanta ɗaya ne har yau ba a gani ba."

Hanyar makarantarsu ta gindin duwatsun ta bi. Daga ranar Litinin sai ta fita da jaka, ta ɓuya a wani kango har a tashi. Malamar ajinsu ta aiko gida. Baba ya zane ta a tsakar gida yana tambayar dalili. Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa ina fiƙe fensir, na ci gaba da fiƙewa. Umma ta ce ƙila 'yar ƙauye ce ba ta son boko.

Sau uku aka yi haka. A na ukun Baba ya ce ya gaji, a mayar da ita Aujara wurin kakarta. Ranar da ta tafi, kafin la'asar teburina ya koma ɗaki.

Bara na je Aujara sunan ɗanta na biyu. Ta tarbe ni da murna, ta dama mini fura da hannunta. Da mata suka ragu ta zaro takardar maganin da aka ba ta a asibiti.

"Yaya, karanta mini, ke ce mai ilimin."

Na karanta mata, sau biyu a rana bayan cin abinci. Ta yi ta godiya.