Atamfar Ɗan Fari

A Baure, in kana neman gidan Murjanatu mai daddawa, ba sai ka tambaya ba, hanci ya isa jagora. Tun tana amarya take dafa kalwa. Da sana'ar ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita ta tura babban ɗanta karatu Katsina. Sai dai bakinta bai taɓa furta sunan ɗan nan ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Duniya na ce masa Jibril, ita kuwa "wancan" take cewa, in ya zo gaisuwa ta amsa tana kallon murhu.

Da wancan ya fito takarar majalisar jiha, 'yan kasuwar shanu suka haɗa masa gudummawa. Ita ma ta aika da ragonta ta hannun maƙwabci, wai a kai wa "mutanen nan masu yawo da lasifika". Kwamitin kamfe ya zuba yawancin abin da aka tara a atamfa: ga fuskar Jibril kamar faifai, ga sunansa ƙasa ɓaro-ɓaro. Aka kawo mata turmi guda, ta tura shi ƙasan akwati.

Ana gobe taron mata na kamfe, ƙanwarta Ikilima ta shigo.

"Yaya, 'yan ɗaya ɓangaren suna yaɗawa wai ko uwarsa ta ƙi ɗaura atamfarsa. Wai ita ta san halinsa."

"Wane hali? Yaron da ko kaza bai taɓa..." Sai ta kama bakinta.

"Ƙarasa mana. Yau dai na ji an yabi wancan."

"Ikilima, ki fita idona. In ɗaura sunansa a ƙugu in ratsa kasuwa da girmana? In kuma na zo zama, a kan fuskar wa zan zauna?"

"Sai ki wuni a tsaye."

Bayan la'asar Jibril ya zo, ya durƙusa daga bakin ƙofa. "Inna, kada maganar mutane ta dame ki. Ki yi zamanki." Murhu take kallo, amma ta ga yadda ya rame.

Washegari fili ya cika da mata, kowace da fuskar Jibril gaba da baya. Can sai ga Murjanatu. Ba ta ɗaura ba, yafawa ta yi, kuma a baibai: suna ya ɓuya, fuskar na manne da gadon bayanta, inda ake goyo.

Wata budurwa ta ce, "Inna, kin juya zanen." Tsofaffi suka harare ta, ɗayarsu ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Daga nan ba a ƙara jin waccan magana ba.

Jibril yana kan dandamali yana jero alkawarin rijiyoyin burtsatse, ya hango ta, jawabi ya ɓace masa.

Murjanatu ta zunguri ƙanwarta, idonta a ƙasa. "Je ki ce a ba wancan ruwa."