Saiwar da Inna ta aiko mini Masar

Ina aji uku a sashen aikin gona na jami'a a Madinat Nasr ta Masar kwakwar manjan Baba ta fara mutuwa a can gida, wajen Lafiya. Ya ce ganyen ƙasa ne ke langaɓewa, gindin ya yi laushi kamar soso, wani abu mai tauri irin naman kaza ya fito a jiki. Da manjan nan ya riƙe gidanmu tun ban san kaina ba.

Na nuna wa malaminmu na cututtukan tsirrai hoton a waya. Ya ce yana da zato amma ba ya yanke hukunci da hoto. In daga ƙasa cutar take, duk abin da aka sake dasawa a wurin zai bi sahu. In ta raunin sara ta shiga, da sauƙi. A kawo saiwa da ɓallin gindi, ɗanye, daga inda ruɓa ta haɗu da lafiyayyen itace.

Wani ɗan ɗakinmu zai dawo daga hutu a gida, sai na kira Inna na yi mata bayani. Ta ce ta gane.

Ƙullin ya iso tare da kuka da daddawa. Ina buɗewa na ji ƙaurin hayaƙi. Inna ta kankare ruɓar tas, ta wanke, ta shanya, ta kyafe a kan murhu, yadda take yi wa duk abin da zai zo Masar. Da na kira, cewa ta yi, “Haba ɗan nan, in aika maka ruɓaɓɓen abu ƙasar mutane? Malaminka ya ce daga wane gida ka fito?”



Duk da haka na kai. Muka yayyanka muka jera a faifan gilas, na yi ta leƙawa, ba abin da ya tsiro. Malam ya shinshina ragowar ya ce ma'alish, wato sai haƙuri, wannan ai kilishi ne. Kafin wani matafiyin ya samu, zanga-zanga ta sa an rufe jami'a, damina kuma ta kwantar da layin kwakwar da ke bakin rafi gaba ɗaya.

Ina cikin ƙaramar bas zuwa unguwar Hayyin Ashir Baba ya kira. Ya samo dashe, ya dasa a tsofaffin ramukan ne ko ya bari? Shi dai ni yake jira, tunda abin da na zo karanta ke nan.

Na ce, “Baba, wallahi ban sani ba.”

Ya ce to Allah ya sa albarka a karatu. Washegari ya dasa su a tsofaffin ramukan nan.