Gudumar Injiniya Mani

A bayan Ƙofar Taramniya akwai wata rumfar kwano da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin, nan ne maƙerar Mani. Ni mahauci ne, kuma tun ina bin mahaifina mayanka wuƙar gidansu muke riƙewa, don haka abin da zan faɗa a kansa ba jita-jita ba ne. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, wanda in ka gaishe shi sai ya dubi wutarsa tukuna, ya ga ko ta ba shi izinin amsawa.

Su biyu ne a rumfar. Mani ke riƙe awartaki da 'yar ƙaramar guduma, wansa Dodo ke ɗaga masaba, babbar gudumar nan da sai da hannu biyu. Aikinsu ba ya bukatar baki. Inda Mani ya ɗan taɓa jan ƙarfe da 'yar gudumarsa, nan Dodo zai sauke masaba. In ya taɓa da ƙarfi, a ƙara nauyi. In ya ƙwanƙwasa gefen uwar maƙera, a tsaya. Haka suka gada, haka suka yi furfura. Na tabbata in aka tara duk maganar da suka yi wa juna da baki tun rasuwar ubansu, ba za ta kai gaisuwar ta'aziyya ɗaya ba.

Sai kafaɗar Dodo ta fara gardama. Kowa ya gani. Masaba ta koma tana tashi rabi tana sauka a karkace, shi kuma yana cije leɓe yana cewa ƙarfen zamanin nan ne ba shi da kirki. Ran nan ta kuɓuce masa ta wuce ta gefen gwiwar Mani, saura kaɗan. Ina ƙane zai dubi wansa ya ce masa ya tsufa? Kuma Dodo ba mutumin da za a zaunar a gida ana aiko masa da cefane ba ne. Ya sha faɗa cewa ranar da ya daina cin guminsa, a haƙa masa kabari kawai. In ya ci gaba, wata rana masaba za ta karya ɗayansu. In ya bari, zaman gida zai gama da shi.

Ana cikin haka Siddiƙu mai walda na Sama Road ya nuna wa Mani wani bidiyo a waya: wani Bature a bayan gidansa ya haɗa guduma mai duka da inji. Mani ya kalla, ya sake kalla, ya ce, "In dai wanga ya yi ta, mi za ya hana ni?" Daga ranar muka samu injiniya a unguwa.

Ya shiga yawon 'yan gwangwan. Ya dawo da tayar mota da ta gama zamaninta, da sifirin na tsohuwar a-kori-kura, da wani guntun ƙarfen tirela wanda sai da majiya ƙarfi suka taru aka sauke shi daga amalanke. Injin markaɗen matarsa Zulaihatu ma bai tsira ba. Ta je biki Bodinga, ta dawo ta tarar da kan markaɗen zaune a tsakar gida babu abin da zai juya shi. Abin da ta faɗa ba na rubutawa ba ne.

Siddiƙu ya yi ta walda, Mani na ba da umarni da fuskar wanda ya taɓa ƙera jirgin sama. Abin da suka haifa ya fi mutum tsawo, ya ɗan karkace kamar raƙumi mai ciwon wuya. Inji ya ja bel, bel ya juya taya, taya ta girgiza sifirin, sifirin ya ɗaga guduma ya maka. A ƙasa akwai feda: ka taka ta yi duka, ka ɗaga ƙafa ta tsaya. A gwajin farko bel ya tsinke ya tafi da hular mai shayi. A na biyu noti ya fice ya huda kwanon rufi, Mani ya ce dama yana da niyyar yi wa hayaƙi taga. Amma daga baya ta yi aiki, kuma na shaida, tana duka ƙasa na amsawa har zauren maƙwabta.

Ranar da gudumar ta fara duka sosai, Dodo ya tsaya ya kalla, ya jingine masabarsa a bango, ya karkaɗe riga, ya ce, "Allah shi sanya alheri." Ya tafi gida bai sake leƙowa ba. Wato injiniya ya yi wa kafaɗa magani ta hanyar korar mai ita. Abin ya ba ni haushi, kuma na faɗa wa Mani a fuska. Ya ci gaba da hura wutarsa.

Babbar Salla ta matso, lokacin da kowane magidanci ke tuna cewa wuƙar bara ta dakushe. Na je a ƙera mini wuƙar fiɗa, na zauna in ga ikon inji. Mani ya zaro jan ƙarfe daga wuta, ya ɗora, ya taka feda. Awartaki a hagu, a dama kuwa 'yar gudumarsa, wadda ba ta da sauran aiki amma hannu ya ƙi ajiye ta. Ƙarfe ya kai inda ake so, sai Mani ya ƙwanƙwasa gefen uwar maƙera, wato a tsaya. Wa zai tsaya? Ƙafarsa na kan feda, inji na ta harkar gabansa. Ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi, har da hararar injin. Kafin ƙafar ta tuna cewa yanzu ita ce Dodo, wuƙata ta zama faifai.

Na ce, "Injiniya, wagga wuƙa ta, ko marhin tukunya?"

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Ban tashi ba, na zauna na ga ya maimaita abin har ya ɓata ƙarfen da zai ishi layyar unguwa guda.

Bayan la'asar ya aika aka kira Siddiƙu. Suka yanke feda, suka ja ta da dogon rodi zuwa ɗaya gefen, daidai inda Dodo ke tsayawa, suka kafa tsohuwar kujerar mota a gabanta. Yanzu mai riƙe da awartaki ko ƙafar jimina gare shi ba zai kai ta ba. Unguwa ta samu abin hira: an ƙera inji don mutum ɗaya ya yi aikin biyu, an gyara shi ya koma ba ya motsi sai da mutum biyu.

Daga nan ya nufi gidan wansa, na bi shi saboda wuƙata. Muka tarar da Dodo a zaure, ya rame, yana kallon bango. Mani ya durƙusa.

"Yaya, injin ga kurma na. Ina yi mai magana, ba shi ji."

Dodo bai dube shi ba. "Kai kaƙ ƙera shi. Ka ƙera mai kunne."

"Na gwada, na kasa. Wuƙaƙen mutane dut sun lalace. In ba ka taho ba, sunan gidanmu ya ɓaci ga Sallar ga."

Bai ambaci kafaɗa ba, bai ambaci tsufa ba. Mani, da ban taɓa jin kalmar kasawa a bakinsa ba, ya faɗe ta a durƙushe a gabana, ni bare. Wallahi sai da na kau da kai, don abin ya taɓa ni.

Da safe Dodo ya zo. Ya zagi kujerar, ya zagi bel, ya zauna ya ɗora ƙafa. Mani ya taɓa ƙarfe, guduma ta sauka. Ya ƙwanƙwasa uwar maƙera, ta tsaya cak. Da wuƙar da ta fito ranar na feɗe ragunan Sallar nan duka.

Har yau haka suke. Duk wanda ya zo sayen fartanya ko lauje sai Dodo ya nuna masa injin da haɓa, ya ce, "Yaron ga ya ɓata ƙarhe banza. In ba ni nan, ko motsi ba shi yi." Yaron kuwa, da gemunsa fari fat, sai ya ce, "Haka na, Yaya."

Rannan Dodo ya tafi alwala, na ji Siddiƙu ya rage murya ya ce, "Baba Mani, gaggawa kay yi. Da ka yi haƙuri kwana kaɗan, da ƙahwarka ta saba da feda."

Mani ya juya ƙarfe a cikin wuta, ya ce, "Na sani. Shi yas sa niy yi sauri."